Ranar da Malam Sada Ya Faɗi Aibin Laburarensa

Kafin rana ta yi zafi, Malam Sada Mati ya riga ya jingine kekensa a gindin darbejiyar da ke ƙofar laburaren Tudun Gamji. Ba littafi yake fara taɓawa ba. Ƙasa yake fara dubawa. Kowace ƙafar kantar littattafai tana tsaye ne cikin gwangwanin madara mai baƙin mai a ciki, saboda gara. Sai ya bi su, ya ƙara wa wanda ya ƙafe. Daga nan shara, sai buɗe tagogi, in kuma damina ce ya janye bencina daga inda rufi ke yoyo. Jaridu a hannun direban motar Daura suke isowa, sau da yawa na jiya. Yakan shimfiɗa su a tebur ya danne da dutse, duk wanda ya miƙa hannu kuma ya ce masa, "Ta jiya ce fa."

Fiye da shekara talatin yana wannan. Watan jiya ya yi ritaya. An yi ɗan taro, an sha lemo, an ba shi agogon bango. A cikin masu jawabi ba wanda ya faɗi dalilin da ya sa har yau akwai laburare a garin. Shi ne abin da za a faɗa a nan.

Kada a yi wa mai karatu ƙarya: wurin ba abin kallo ba ne. Wanda ya zauna a manyan ɗakunan karatu na wasu ƙasashe, masu hawa-hawa da sanyi kamar randa, zai leƙa nan ya ɗauka sito ne. Zaure ɗaya ne da ɗan ɗakin ajiya. Littattafan da yawansu sun girmi masu karanta su. Amma akwai masu zuwa. 'Yan makaranta na zuwa in jarrabawa ta matso. Makiyaya na shigowa daga rugage da kwalbar maganin shanu a aljihu, a karanta musu yadda ake ba da shi. 'Yan kasuwar da ke ƙetare iyaka ta Kongolam na kawo takardun da aka rubuta musu da Faransanci.

Harisu, mai safarar wake, yana cikinsu. Shi ya ba da labarin ranar da ya kawo wata takarda hankalinsa a tashe. Malam Sada ya sauko da ƙamus, suka zauna suna bin ta kalma-kalma har aka kira azahar. Da suka gama ya ɗora yatsa a kai ya ce, "Harisu, ni ban iya Faransanci ba, ƙamus ne ya iya. Daga nan zuwa nan na tabbata. Wannan layin na ƙasa kuwa cinta na yi. Kada ka sa hannu sai ka sami wanda ya iya da gaske." Harisu ya ce a ranar haushi ya ji, don ya so a ce masa komai lafiya ya tafi. Ya ce amma tun daga lokacin, in Malam Sada ya ce masa ya tabbata, ba ya ƙara tambayar kowa.

Wannan hali gadonsa ya yi. Mahaifinsa, marigayi Mati, dillalin shanu ne a karar Mai'adua, wato kasuwar dabbobi, kuma yana cikin dillalan da ba sa bari a yi maganar farashi sai an faɗi aibi. Wannan saniya ta taɓa ɓari. Wannan sa yana tunkuyi. Wannan ragon tari yake, an yi masa magani bai gama warkewa ba. Mai saye ya ji da kunnensa, in ya ga zai iya ya taya. Wanda ya saya a haka ba ya dawowa da ƙorafi. A kara ɗin kuma an san wata dabara ta marasa tsoron Allah: a ɗirka wa dabba kanwa kafin ranar kasuwa, ta sha ruwa har cikinta ya yi tim, mai saye ya ga ƙiba, ya je gida ta saɓe. Mati bai taɓa riƙe igiyar irin wannan dabba ba. A gidan da Sada ya tashi, cewa mutum yana ba da kanwa zagi ne babba.

Bara ƙaramar hukuma ta ware wa mazaɓar kuɗin ayyuka, kuma kamar kullum ba su kai buƙata ba. Aka kafa kwamiti ya ba da shawarar inda za a sa su. Shugabansa kansila ne, Alhaji Jibril, wanda kafin siyasa da bayanta fataucin shanu ne sana'arsa. Sai ga shawara daga ƙaramin asibitin da ke manne da katangar laburare: a daina ba laburare kasonsa, a kwashe littattafan a kai makarantar sakandare, a mayar da ginin ɗakin haihuwa. Mai riƙe da wannan magana ita ce Hajiya Haulatu, babbar ungozomar asibitin. Taubashiyar Malam Sada ce, 'yar gwaggonsa. Tun suna yara ba sa haɗuwa ba a yi tsiya ba.

"Mai gadin gara," in ji ta wata safiya ta saman katanga, "ka fara ɗaure kayanka. Na riga na ga inda zan sa gadaje."

"Uwar jarirai, ki bari su girma mana, su zo su karanta abin da ke ciki."

"Su fara fitowa da rai tukuna."

Ya yi dariya, amma da ya koma ciki bai iya karyawa ba. Ya san shekararsa ta ƙarshe ke nan a aiki. Idan aka rufe, a hannunsa wurin ya mutu, kuma a garin nan abin da aka rufe ba a sake buɗe shi.

Masu son laburare ba su zauna ba. Jagoransu Anwar, malamin sakandare kuma shugaban ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, yaro mai ƙwazo da ya yi karatun jarrabawarsa a kan bencin nan. Ana saura 'yan kwanaki kwamiti ya zo ganin wurin, ya shigo da shiri a bakinsa. Ya yi magana da shugabannin makarantu, za a ba shi ɗalibai a cika zauren har waje. Akwai wanda zai ara musu sababbin littattafai daga Daura a jera a gaba, bayan taro a mayar. Za a yi fenti a bangon da ke kallon titi.

Malam Sada ya saurare shi har ya gama. Sannan ya ce, "Anwar, kanwa ke nan."

"Baba, wace kanwa kuma? Kowa haka yake yi. Su asibitin kana tsammani ba za su yi nasu shirin ba?"

"Su ta shafa. Yaran da za ka kawo, jibi suna nan?"

"Jibi ai an riga an yanke hukunci."

"To shi ke nan. An sayi ciki, an je gida ya saɓe. Baɗi in Alhaji Jibril ya biyo ya leƙo ya ga mutum uku, me zai ce da ni?"

"Baɗi ai ka yi ritaya, Baba!"

"Ina nan garin dai."

Anwar ya miƙe ransa a ɓace. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Wallahi in aka rufe wurin nan, kai ka rufe shi." Malam Sada ya san maganar na iya zama gaskiya.

Ranar da kwamiti ya zo, a zauren laburaren aka zauna. Abin da suka tarar shi ne abin da ake tararwa a irin wannan wata: 'yan ɗalibai ƙalilan a lungu, da wani tsoho da barci ya kwashe a kan jarida, fanka na kaɗa masa gemu. Alhaji Jibril ya dubi tsohon, ya dubi Malam Sada.

Hajiya Haulatu aka fara ba dama. Ba ta zo da takarda ba.

"Ranka ya daɗe, daminar da ta wuce a baranda muka karɓi haihuwa. Ɗakinmu ya cika, muka kare yarinya da zannuwa, ruwa na yi mana feshi. Nan kuma ga zaure fetal, ga fanka, ga wannan tsoho yana hutawa abinsa. Na biyu, zamani ya canza, yanzu kowa a waya yake karatu. Na uku, kuɗin gwamnati na kowa ne, amma wurin nan na maza ne. Ga shi nan, ku tambaye shi yaushe rabon da mace ta zauna a bencin nan."

Anwar ya tashi bayanta, ya yi magana mai daɗin ji. Ya ce duk likita da lauya da garin nan ke alfahari da su daga wannan zaure suka fito. Ya ce laburare ne ke tsare matasa daga shan ƙwaya. Ya ce wurin cika yake maƙil, yau ne kawai aka yi rashin sa'a. Mutanensa suka yi tafi.

Alhaji Jibril ya juya. "Ɗan Mati, kai ba ka ce komai ba."

Malam Sada ya miƙe, ya gyara hula. "Ranka ya daɗe, kayan nawa ne. Ni ya kamata in faɗi aibinsa."

Da nasa ɓangaren ya fara. "Likitocin garin nan na san su, na san iyayensu. Ɗaya ne ya zauna a nan. Sauran makarantar kwana suka yi, ko launin bencin nan ba su sani ba. A cire wannan. Maganar ƙwaya, ban sani ba. Ina fata haka ne, amma abin da nake fata daban, abin da na gani daban. Na taɓa ganin yaro ya yi karatu nan da safe, da la'asar na gan shi inda bai kamata ba. A ajiye ta gefe. Maganar cika kuwa, in jarrabawa ta zo yana cika har a zauna a ƙasa. Sauran watanni ga shi kuna gani. Ba rashin sa'a ba ne, haka yake."

Wani daga cikin mutanen Anwar ya ce a bayyane, "Inna lillahi. Shi wannan namu ne ko nasu?"

Malam Sada ya juya wajen taubashiyarsa. "Maganar baranda gaskiya ce. Ta tagar nan na hango ana kare yarinyar da zannuwa, na ja tagar na rufe. Maganar mata ma gaskiya ce, kuma ita ce aibi mafi girma a jikin wurin nan. Maza na cika ƙofa suna gardamar jarida, wace mace za ta ratsa ta tsakiyarsu? An gina shi da sunan gari, rabin gari ke shiga." Ya yi murmushi. "Maganar waya kuwa, Hajiya, wannan kin ba ta kanwa."

Zauren ya ɗauki dariya, har tsohon ya farka yana tambaya ko an yi sallah.

"Yaran da ke cika nan lokacin jarrabawa," in ji Malam Sada, "waya ɗaya ce a gidansu, tana aljihun uba a kasuwa. Wanda ya samu aro, ina kuɗin data, ina caji? Kuma ba littafi kaɗai ke kawo su ba. A gida ɗaki ɗaya ne da ƙanne, ga aike, ga awaki. Nan ne kawai za su zauna ba a kira sunansu ba."

Hajiya Haulatu ta juya zoben hannunta. Sannan ta ce, "'Ya'yan ma'aikatanmu na duba na faɗi haka. Na janye ta waya. Sauran biyun suna nan daram."

"Suna nan," in ji shi.

Alhaji Jibril ya jingina da kujera. "To, ɗan Mati, ka zazzage aibi. Me ya rage a jikin dabbar?"

"Abin da na gani da idona, ranka ya daɗe. Yaran da ba su da inda za su zauna. Makiyayin da da bai zo an karanta masa kwalba ba, da ya ba maraƙi maganin babban sa. Ɗan kasuwar da ba ya sa hannu a abin da bai sani ba. Ba shi da yawa, amma ba kumburi ba ne, nama ne." Ya dubi 'yan kwamitin. "Idan kuma dole sai ɗaya, tsakanin rufin mai naƙuda da nawa, a ba ta. Ba zan tsaya gabanku in ce littafi ya fi rai ba. Roƙona ɗaya: kada a rubuta cewa an rufe shi don ba shi da amfani. A rufe shi ana sane da abin da aka rasa."

Ya zauna. Anwar ya dafe kai da hannu biyu. Duk wanda ke zauren ya ɗauka magana ta ƙare, shi ma Malam Sada haka ya ɗauka. Idonsa na kan kantocin, yana tunanin motar da za ta kwashe su.

Ayyuka uku ne a gaban kwamitin, amma biyu kawai aka yi ta gardama a kai. Na ukun wata ƙofar siminti ce da za a gina a kan titi a mashigar gari, a rubuta mata barka da zuwa. Shawarar Alhaji Jibril ce da kansa, don haka kowa ya ɗauke ta a matsayin abin da aka gama. Hajiya Haulatu ta zo ne da shirin faɗa da taubashinta, sai ya miƙa mata abin da ta zo nema da hannu biyu. Ta rasa abokin faɗa, ta waiga.

"Ranka ya daɗe, ina da tambaya. An faɗi aibin laburare. An faɗi aibin maganata, na karɓa. Ita ƙofar nan fa? Wa ke riƙe da igiyarta?"

Sakataren kwamiti ya sunkuyar da kai yana gyara biro. Alhaji Jibril ya daɗe yana kallonta. Mutum ne da ya yi ƙuruciyarsa a kara, ya sayi shanu a hannun Mati ba sau ɗaya ba. A gaban 'yan siyasa zai iya kauce wa tambayar. A gaban ɗan Mati, bayan abin da aka gama yi yanzu, kaucewa na nufin abu ɗaya, kuma kowa a zauren ya san sunansa: ba da kanwa. Ya cire hula ya shafa kai, sai ya fashe da dariya.

"Ni ne dillalinta."

"To bisimilla, Alhaji."

"Ba ta ba da inuwa. Ba ta tare ruwa. Motar da ta yi lodin hatsi da kyau ma ban tabbata za ta wuce ta ƙarƙashinta ba." Ya ɗaga yatsa. "Amma fa tana da kyau a hoto."

"Allah ya kawo kasuwa," in ji Hajiya Haulatu.

A ranar kwamiti ya rubuta shawararsa. A ɗage ƙofa. A gina ɗakin haihuwa a bayan asibiti. Laburare ya ci gaba da karɓar kasonsa, a gyara masa rufi, bisa sharaɗin da Hajiya Haulatu ta kafa ta kuma ƙi sassautawa: a ware wa mata ranakunsu a mako, a kuma ɗauki mace ma'aikaciya. Hukuma ta ja ƙafa kamar yadda ta saba, daga baya ta amince. Yau ɗakin haihuwa na tsaye, an sa masa tayil. Rufin laburare ya daina yoyo. Littattafan dai tsofaffin ne har yanzu. Anwar ya yi watanni yana gaida Malam Sada daga nesa, amma ranar ritaya shi ya ɗauko agogon.

Ba a ce gaskiya kullum tana cin nasara a gaban kwamiti ba. Da wani ne a kujerar Alhaji Jibril, wataƙila da yanzu gadaje ne a zauren, ƙofa kuma na tsaye a kan titi. Malam Sada ya san haka lokacin da ya miƙe. Abin jinjinar ke nan.

Sada ɗan Mati, dillalin da bai taɓa karɓar la'ada ba. Kai ne ka ƙi ƙaryar da aka shirya don a cece ka. Kai ne ka auna maganar masoyinka da ta mai ja da kai da mudu ɗaya, ka ce wannan na gani, wannan fata nake, wannan ban sani ba. Ba ka fi kowa iya magana a zauren nan ba. Abin da ka yi shi ne ka sa ƙarya ta yi wa kowa nauyi a baki, har shugaban taro.

Gardamar kuɗin laburare ba ta ƙare a Tudun Gamji ba. Za a yi ta a wasu garuruwan masarautar nan, a yi ta kan makaranta da rijiya da asibiti. Masu kare ɗakunan karatu su ji: in kuka ce laburare ne ya haifi duk wani mai ilimi a garinku, kun ba mai son rufe shi abin da zai kama ku da shi. Masu cewa ɓarnar kuɗi ne su ma su ji: ku shiga ku zauna lokacin jarrabawa kafin ku yi rantsuwa. Masu yanke hukunci kuma su riƙa tambayar aikin da ba wanda ya yi gardama a kansa, don sau da yawa a nan kuɗin suke.

Larabar da ta wuce, da hantsi, ƙafa ta ɗauki Malam Sada zuwa inda ta saba. Ya jingine keke, ya nufi ƙofa. Raihana, sabuwar ma'aikaciyar, ta tare shi a bakin zaure. A bayanta bencina cike suke da hijabai, wata na jijjiga goyo da ƙafa tana bin layi da yatsa.

"Baba, yi haƙuri. Yau ta mata ce."

Ya leƙa ta saman kafaɗarta, ya daɗe yana kallo. "Ko gwangwanayen ba zan duba ba?"

"Na duba su tun da safe. Sai gobe, Baba."

Ta saman katanga aka ji muryar Hajiya Haulatu: "A kore shi! Ba shi da gata yau!"

Ya hau kekensa yana dariya har hula na neman faɗuwa.

Mun gode, Malam Sada. Allah ya sa ka daɗe ana korarka daga ƙofar nan.